Takalman Malam a Bakin Zaure

Limancin Kona, Zariya
6 ga Maris

Zuwa ga Yaya Hidaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da zafin Fatakwal ɗin nan naku mai sa mutum gumi ko yana cikin wanka.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da ko saƙon waya sai an yi da gaske nake amsawa. Maganar ce ba ta faɗuwa da baki a gidan nan. Komai na Inna ya tsufa ban da kunnenta. Shi ya sa na rubuta, na ɗauki hoton takardar na turo miki. Ke ma haka za ki yi, don Allah kada ki kira ni a kan wannan.

Mantuwar Inna ta ƙaru. A da sunayen jikoki take haɗawa, ko ta sa gishiri sau biyu a miya. Yanzu ta manta mahaifinmu ya rasu. Shekara biyu da wata huɗu, ta yi takabarta ta fita, amma duk ya goge. Da an idar da sallar la'asar sai ta ɗauki kujerarta ta zauna kusa da ƙofar zaure ta cikin gida, wurin da ta saba zama tana jin karatunsa ta bayan bango. Sai ta dubi bakin ƙofar ta ce, "Auta, ina takalman Malam? Bai dawo daga masallaci ba ne?"

Sau uku na gaya mata gaskiya. Duk ukun, sai ta cire 'yan kunnenta ta yi ta kuka kamar yanzu aka fita da gawar, ta yi kwana biyu ba ta sa komai a cikinta ba. Daga nan ta manta, ta sake tambaya. A na ukun jininta ya hau har sai da muka kwana a asibiti, likita kuma ya ja mini kunne cewa zuciyarta ba za ta ci gaba da ɗaukar irin wannan ba. Tun daga ranar na koma ƙarya. Yau Malam ya tafi Kufena ta'aziyya, gobe yana Gyallesu ɗaurin aure. Matata Rahama ta ce na kusa ƙarar da unguwannin Zariya. Inna kuma ta fara zargi. Jiya ta ce, "Malam bai taɓa barin ɗalibansa kwana uku a jere ba. Ku dai kuna ɓoye mini wani abu."

To ga abin da ya zo mini, kuma kada ki yi dariya. Kin san sana'ata da kike kira wasan yara: na'urar nan da ke narka zaren roba tana gina abu sannu a hankali, da nake yi wa matasan Abuja da Legas kwalkwali da takubban jaruman fim, in sa musu 'yan fitilu da batir. Wanda ya iya yin takobin da babu shi a duniya, ai ba zai kasa yin takalmin da ya taɓa gani kullum ba. Na ainihin an bayar da su sadaka tare da sauran tufafinsa, amma sun fito sarai a hoton walimar saukarki. Idan ta gan su a bakin ƙofa za ta ce yana ciki, kuma kin san Inna ba ta taɓa taka zaure ba muddin akwai ɗalibai.

Ban fara ba tukuna. Ke ce babba, sai abin da kika ce.

Ƙaninki,
Muhsin


Fatakwal
8 ga Maris

Muhsin,

Wa'alaikumus salam. Mun gode Allah, yara suna gaishe ka da Anti Rahama.

Na karanta takardarka a wurin aiki, sai da na shiga ɗakin ajiye magani na rufe ƙofa. Shekara goma sha huɗu ina jinyar iyayen mutane, tawa uwar tana can tana neman takalmin mamaci, ni ina nan. Ban san wanda zan yi fushi da shi ba, sai na yi da kai, ka yi haƙuri. Me ya sa sai yanzu kake gaya mini an kwana a asibiti? Ko don na yi aure nesa na fita daga cikin 'ya'yanta ne?

Ban yi dariya ba. Gaskiya da farko raina ɓaci ya yi. Malam da ko a wasa bai yarda a ce wa yaro "zo ka karɓa" alhali hannu babu komai ba, shi za a yi wa takalmin ƙarya? Amma na ga irin masu ciwon nan da yawa a nan. Gaskiyar da za ka gaya mata ba ta zama, zafin ne kawai yake zama. Kowane faɗi sabuwar mutuwa ce a wurinta, kuma ba na son in rasa ta saboda muna son a ce mu masu gaskiya ne.

Ka yi. Amma ka yi da kyau, kada ka yi mini irin kayan almarar nan naka masu walƙiya. Ka tuna yana danne bayan takalmin da dugadugansa, kuma na hagu ya fi cinyewa saboda ƙafarsa mai ciwo. Kada ka gaya wa Baffa Inuwa tukuna. Ka san shi, ƙanin uba mai tsare gida, kafin ka rufe baki ya tara mana dangi.

A riƙa auna jininta safe da yamma, ka rubuta mini lambobin. Ka ce wa Rahama Allah ya saka mata, na san nauyin a kanta yake.

Yayarka,
Hidaya


Limancin Kona
21 ga Maris

Yaya,

Salamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya. Ga lambobin jinin nan a bayan takarda, ki duba da idonki na ma'aikaciyar jinya, ni dai na ga suna sauka.

Takalma sun samu, amma sai da na sha wuya. Na'urata ƙarama ce, ƙafar Malam kuwa kin san ta, dole na raba kowane takalmi gida biyu sannan na haɗa da gam. Na farkon yana tsakiyar fitowa wuta ta ɗauke, awa bakwai suka tafi a banza. Na biyun ya fito sumul kamar daga kanti, Rahama ta kalle shi ta ce, "Wannan ai na ango ne." Da gaskiyarta. A aikin nan sabon abu ba ya wahala, tsufa ne mai wahala. Kwana uku ina gurza da sanfefa, in shafa fenti baƙi, in goge, in bi da ruwan ƙasa a inda fata take karyewa. Na danne bayan da iska mai zafi. Har ɗinkin da mai gyaran takalma ya yi masa a gefen na dama da farin zare, na zana shi. Da na gama na ajiye su a ƙasa, ni da na yi su da hannuna sai da na waiwaya ina neman mai su.

Ranar Litinin bayan la'asar na ajiye su a bakin ƙofar, na koma gefe kamar ina gyaran waya. Inna ta fito da kujerarta. Ta dube su sau ɗaya tak, ta zauna, ta ce wa Rahama, "Ke, rage muryar rediyon nan, Malam na ciki." Yaya, a ranar ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari. Ni kuwa na shiga ɗakin aikina na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Sai dai an gudu ba a tsira ba. Kwana biyu ke nan tana kasa kunne, jiya ta ce, "Yau karatun shiru. Ko muryarsa ce ta dishe? A dafa masa citta." Rahama ta dafa, na kai zaure na shanye, ni da ba na son citta.

Akwai ɗan allon lantarki da nake sa wa takubba don su yi ƙara idan an zare su. Yana karanta memori, yana da ƙaramar sifika, ana iya saita masa lokaci. Kin taɓa cewa wani ɗalibin Malam ya turo miki karatun da suka naɗa. Ban ce komai ba, na dai gaya miki abin da ke akwai.

Naki,
Muhsin


Fatakwal
22 ga Maris

Muhsin,

Bayan sallama. Lambobin sun yi kyau, rabon da in ga jininta haka tun kafin azumin bara.

Na turo maka karatun, zama ashirin da shida ne. Tun da aka ba ni ban iya buɗe ko ɗaya ba sai jiya, kuma ban kai ƙarshe ba. Ka saurara tukuna, ka cire wanda ya yi tari da yawa a ciki, na ƙarshe-ƙarshen nan, kada ta tayar da hankalinta.

Kai ka kawo maganar takalmi, ni na kawo murya. Idan akwai alhaki, mu biyu ne, kada ka ɗauka kai kaɗai. Kuma na janye kalmar wasan yara.

Allah ya yafe mana.

Hidaya


Zariya
2 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Hidaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki da zuriyarku baki ɗaya, Allah ya yi muku albarka, amin.

Na sa an ɗauki hoton wannan takarda an aiko miki, domin Muhsin ya shaida mini cewa da saninki aka yi abin da na gani, kuma ke ce babba.

Ranar Alhamis bayan la'asar na biyo ta gidan marigayi yayana, Malam Sagiru, domin in duba mahaifiyarku. Ina sa ƙafa a zaure na ji muryarsa yana cewa, "To, a maimaita daga farkon babi." Shekaruna saba'in da ɗaya, na ga abubuwa, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Da na dawo cikin hankalina sai na ga wani ɗan akwatin roba a kan buzunsa, da 'yar koriyar fitila tana ƙiftawa. Babu kowa a zauren.

Ban ji daɗin yadda kuka ɓoye mini ba. Maƙwabta sun riga ni ji, har ana ƙus-ƙus a bakin masallaci, ni ne na ƙarshen sani. Wannan gida an san shi da abu ɗaya a cikin birni, ba dukiya ba, ba sarauta ba: idan aka ce an ji daga gidan Malam Sagiru, magana ta ƙare. Yau a gidan ake kunna mamaci da batir domin a ruɗi matarsa. Na tambayi Muhsin, ranar da ta gane fa? 

Amma tun da gaskiya nake nema a wurinku, ni ma sai in faɗe ta. Ban kashe akwatin ba. Na zauna a inda na saba zama, na saurari karatun har ya yi addu'ar tashi, na shafa tare da shi. Da na shiga cikin gida na tarar da mahaifiyar taku, Hajiya Maimuna, ta yi ƙiba, ta sa lalle, ta tare ni da fara'a tana cewa, "Kun gaisa da yayan naka?" Na ce mun gaisa. Kin ga ni ma kun sa ni a ciki.

Ba ni da hukuncin da zan yanke muku. Zuciyata dai ba ta kwanta ba, kuma ina so ki sani. Idan da hali ki nemi hutu ki zo gida, wannan ba abin da za a bar wa yaro ɗaya da matarsa ba ne.

Wassalam. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu zuwan.

Baffanki,
Inuwa


Limancin Kona
19 ga Mayu

Yaya Hidaya,

Salamu alaikum. Ki zauna kafin ki karanta. Inna tana raye, tana ɗakinta, amma abin da Baffa ya tambaya ya faru.

Jiya aka yi ruwan farko na sosai a birni. Duk lissafina na yi shi ne da rani, ko sau ɗaya ban kawo damina a raina ba. Hadari ya taso bayan la'asar, karatu yana tafiya a zaure, Rahama ta ruga kwashe shanya, ni ina ɗakin aiki ina rufe na'ura da leda saboda yoyon kwano. Ta taga na hango Inna ta miƙe. Na ji tana cewa, "Takalman Malam za su jiƙe." Kafin in fito ta riga ta duƙa.

Ta ɗaga su da ƙarfin da ake ɗaga takalmin fata, sai hannunta ya yi sama, don ba su da nauyin komai. Ta tsaya. Ta buga ɗaya da ɗaya, suka yi ƙara irin ta kofin roba. Sannan ta juya su.

Yaya, ban yi wa ƙasansu fenti ba. A sana'armu ba a ɓata lokaci a kan gefen da ido ba ya gani, haka na koya, haka nake yi kullum. Kwana uku ina gyara samansu, har da ɗinkin farin zare, amma ƙasan na bar shi yadda ya fito daga na'ura, kore shar, ragowar zaren da na yi wani takobi da shi. Na yi su don a kalla. Ban taɓa tunanin matar da ta yi shekara arba'in da shi za ta sa musu hannu ba.

Ba ta kalle ni ba. Ta tura ƙofar zauren, ita da ban taɓa ganin ta yi haka ba a lokacin karatu, ta shiga da takalman a hannu. Na bi ta. Ta tsaya a gaban akwatin, Malam yana ta bayani, har ya yi 'yar dariyar nan tasa. Na miƙa hannu zan kashe, ta ce, "Bar shi ya kai aya." Muka tsaya har ya kai. Sannan na kashe.

Ta zauna a ƙasa, ba a kan buzun ba. Idonta ya dawo irin na da, na Innar da take gane ƙaryarmu tun daga bakin ƙofa. Ta ce, "Auta, yaushe?"

Na gaya mata.

Ta ce, "Na yi takaba?"

Na ce ta yi, ta cika.

Ta ce, "Wannan abin fa, tun yaushe?"

Na ce wata biyu.

Na zaci kuka za ta yi, na riga na fara lissafin inda zan samu mota. Ba ta yi ba. Ta dubi takalman, ta ce, "Wata biyu, salla biyar a rana, ina roƙa masa lafiya da tsawon kwana. Yana kwance a can yana jiran in nema masa gafara, ni ina nan ina dafa masa citta. Ku ne kuka tare masa addu'ata."

Na durƙusa na ce mun ji tsoron kada mu rasa ta ne. Ta ce, "To tsoronku ne kuka yi wa magani." Ta ce in kawo hannuna, na kawo, ta riƙe shi gam. Ta ce, "Na san kaina ba ya riƙe abu. Ko sau nawa na tambaya, ka gaya mini. Ko zai kashe ni, ka gaya mini. Idan ka sake yi mini irin wannan, ban yafe ba." Ta sa na maimaita mata da bakina, kamar yadda Malam yake sa ɗalibai. Ta ce in gaya wa 'yar farinta ita ma, kin san ba ta kama sunanki.

Daga nan ta yi alwala, ta yi ta yi masa addu'a har magariba. Ba ta ci komai ba. Jininta da safen nan ɗari da tamanin ne a sama.

Na cire memorin na ba Baffa. Takalman na sa su a buhu, ban san abin da zan yi da su ba.

Muhsin


Fatakwal
19 ga Mayu

Muhsin, ƙanina,

Na karanta. Na nemi hutu, sun ce sai ranar ashirin da bakwai, na roƙa har na gaji.

Ka saurare ni. Abin da ta faɗa ta faɗe shi ne a cikin awa ɗaya da hankalinta ya dawo, gobe ba za ta san ta faɗa ba. Ɗari da tamanin ba wasa ba ne. Ban ce ka mayar da takalman ba, na san wannan ya wuce. Amma idan ta tambaya, ka ce ya fita, kamar da. Kwana takwas kawai nake roƙo, har in iso in gan ta da idona. Idan akwai wanda ba za a yafe wa ba, a ɗora a kaina.

Don Allah, Muhsin. Ina so in same ta.

Yayarka,
Hidaya


Limancin Kona
22 ga Mayu

Yaya,

Salamu alaikum. Na ga takardarki, na karanta ta ya fi sau goma.

Kwana uku ba ta tambaya ba. Yau bayan la'asar ta ɗauko kujerarta ta zauna a wurin nan. Ta dubi bakin ƙofa, ta kasa kunne, sannan ta waiwayo da fara'arta ta ce, "Auta, ina takalman Malam?"

Ƙaryar nan ta ya tafi Kufena tana bakina, wallahi har na buɗe shi. Amma ba hannunki ta riƙe ba, Yaya, nawa ta riƙe.

Na gaya mata. Rahama tana wurinta yanzu, ta cire 'yan kunnen.

Ki yi ƙoƙari ki taho kafin ashirin da bakwai. Gobe ma idan ta tambaya zan gaya mata.

Ƙaninki,
Muhsin